Waƙa Ta Iso Gwangwan, Kuɗinta Fa?

Idan mawaƙi ya saki sabon kundi a Kano ko Kaduna da daren Alhamis, kafin a sauko daga masallacin Juma'a ana iya jin sa yana tashi a shagon cajin waya a Gwangwan ta ƙaramar hukumar Rogo, can kusurwar da Jihar Kano ta haɗa iyaka da Katsina da Kaduna. Ba mota ce ta kawo shi ba, ba dillalin da ya sa hannu a wata takarda, kuma daga wannan doguwar tafiya ko sisi bai shiga aljihun mai waƙar ba. Amma shi ɗin ne dai za a ji ya canza mota, ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka, yana kuma shirin fitar da wani kundin baɗi. To ta ina kuɗin ke ɓullowa?

A Amurka ko Ingila, idan aka ce mawaƙi mai cin gashin kansa ne, ana nufin ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, wato Universal da Sony da Warner. Irin waɗannan kamfanoni su ke ba mawaƙi kuɗin aiki tun bai shiga situdiyo ba, su buga, su tallata, su riƙe mallakar faifan, sai sun gama cire abin da suka kashe sannan ya fara ganin nasa kason. A ƙasar Hausa irin wannan tsari bai taɓa yin saiwa ba. Gaskiya ne kamfanin EMI ya ɗauki muryar Alhaji Mamman Shata a faifan garmaho, amma ba da kuɗin faifai Shata ya riƙe gidansa da makaɗansa da 'yan amshinsa ba. Saboda haka kusan kowane mawaƙin Hausa mai cin gashin kansa ne, ya so ko bai so ba. Abin tambaya a wajenmu shi ne: tun da ba kamfani, wa ke biya, kuma me yake so a yi masa?

Wanda ya fi kowa nuna yadda mutum ɗaya zai tsaya da ƙafarsa shi ne Ɗanmaraya Jos. Shi ke tsara waƙarsa, shi ke kaɗa kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi kokonsa da gwangwanin kifi a rufe da fata, ba ɗan amshi, ba mai kalangu. Kuma ga waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa: karen mota, ma'aurata, magulmata, talakan da ba wanda ya damu da shi. Mahaifinsa makaɗin fada ne a Bukuru, amma ɗan ya fita daga fada ya shiga tasha. Har ya rasu a 2015, ƙarfinsa yana wajen mutanen da suke jin labarinsu ne yake bayarwa. Mawaƙin zamani da ke zaune gaban kwamfuta a Ɗorayi ko Rigasa ba ya kama da Ɗanmaraya ko kaɗan a kiɗa, amma matsalar da ke gabansa ita ce dai waccan: yadda zai mai da ƙaunar jama'a abin sawa a baka.

A fara da yadda ake haɗa kundin. Situdiyon da yawancin waƙoƙin nan ke fitowa ɗaki ne guda, an manna soso a bangonsa don ya shanye amo, da kwamfuta, da fiyano, da makirfo, da janareta a waje yana shan mai. Mawaƙi kan zo da baitocinsa a takarda ko a waya, karin kuma a ka. Zai rera wa mai kiɗa, shi kuma ya lalubo sautin a fiyano, ya fara shimfiɗa ganga, ya bi da sauran kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya, duk daga cikin na'ura. Sai mawaƙi ya shiga ya ɗora murya, a kira mai amshi, yawanci mace, ta ɗora tata, sannan a zauna gyara da tacewa. Kowa a nan kuɗin aikinsa yake karɓa a hannu, waƙa-waƙa ake lissafi: mai situdiyo, mai kiɗa, mai amshi. Idan kundin mai waƙa goma ne, sau goma ke nan. Idan kuma za a yi wa biyu ko uku bidiyo, nan ne kuɗi ke zurarewa, don hayar kyamara da wuri da tufafi da 'yan rawa ta ninka kuɗin sauti nesa ba kusa ba. Duk daga aljihun mawaƙi.

A da akwai wanda ke ɗauke masa wannan nauyi. Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga finafinan Hausa, furodusa ne ke sayen waƙa. Mawaƙi ya rera, jarumi ya motsa baki, jama'a su haddace waƙar su jingina ta ga jarumin, mai muryar kuwa ya wuce a kasuwa ba wanda ya waiwaye shi. Kaset da faifan CD kuma suna hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, su ke sayen aiki su buga su rarraba har Agadas da Kumasi. Ciniki ne na sau ɗaya: an biya ka, an gama da kai, ko da kaset ɗin zai yi shekara yana tafiya. Daga baya mawaƙa irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka fito da fuskarsu, suka riƙa fitar da kundi da sunansu, har masoya suka saba da jiran sabo kusan duk shekara. Sai dai ba a jima da samun wannan 'yanci ba wayar hannu mai memori ta zo ta rushe kasuwar faifan baki ɗaya. Mawaƙi ya samu sunansa a daidai lokacin da abin sayarwar ya ɓace.

Yanzu ga yadda kundi ke isa gari irin Gwangwan. Mutum ɗaya mai data ya isa. Wataƙila mai shagon caji ne, wataƙila ɗan garin ne da ke ci-rani a Legas ko Abuja ya turo wa ƙaninsa ta WhatsApp. Ya sauke daga YouTube ko Audiomack ko ɗaya daga shafukan da ke tara waƙoƙin Hausa, shi ke nan aiki ya ƙare, don daga nan waƙa ba ta ƙara buƙatar intanet. Xender da Bluetooth ke ɗaukar ta daga waya zuwa waya, a majalisar shayi, a bakin kasuwa, a wajen ɗaurin aure. Wanda ba shi da babbar waya kuma sai ya zare memorinsa ya miƙa wa mai turi.

"Maigida, akwai sabon kundin mutumina?"

"Tun jiya. In zuba maka duka ne, ko masu zafin kawai?"

A dubi wannan tambaya ta biyu da kyau, don a cikinta ikon mai turi yake. Shi ke yanke hukuncin waɗanda suke "masu zafin". Waƙar da ya ɗora a sifikarsa daga safe zuwa dare ita gari zai haddace, wadda ya tsallake kuwa kamar ba a yi ta ba. Ɗan abin da aka ba shi ladan turi ne da kuɗin man janareta, ba ruwan mawaƙi da shi. Mawaƙa sun daɗe suna kiran wannan satar fasaha, kuma a ido na doka ba su yi ƙarya ba. Amma ni a ganina mai turi ya gaji aikin mutum biyu a lokaci guda, ɗan kasuwar Ƙofar Wambai da mai gabatar da Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, kuma a ƙauye babu mai yi wa mawaƙi talla kamarsa. Wayayyun mawaƙa sun gane haka, shi ya sa maimakon su yi ta faɗa da masu turi, su da kansu ke tura musu sabon aiki, har da roƙon a sa shi a gaba.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne, mafi yawan sauraron da ake yi wa waƙar Hausa ba ya shiga kowane lissafi. Manomin da ya rataya ƙaramar waya a wuya yana yankan rake, matar aure da ke jin waƙar tana tankaɗe a tsakar gida, ɗan acaɓa mai sifika a gaban babur, ko sau ɗari suka maimaita waƙa, a wajen YouTube ba su saurara ba ko sau ɗaya. Don haka idan ka ga an rubuta mutum miliyan biyu sun kalli waƙa, wannan adadin masu data ne kawai. Na bayansu ba wanda ya ƙirga.

To su masu datar fa, nawa suke kawowa? A nan mutane da yawa ke ruɗewa, suna zaton duk wanda aka kalli waƙarsa sau miliyan ya zama miloniya. YouTube ba ya fara biyan kowa kuɗin talla sai tasharsa ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Idan ya cika wannan, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a bidiyonsa nasa ne, saura na kamfani. Sai an aiko masa da lambar tabbatarwa a wasiƙa ta gidan waya, abin da kan zama ƙarfen ƙafa ga wanda gidansa ba lamba ba sunan titi, kuma ba za a turo kuɗi banki ba sai sun kai Dala 100. Sannan ba duka kallo ne farashinsa ɗaya ba. Masu talla sun fi biya da tsoka don su isa ga mai kallo a Landan ko Jidda fiye da mai kallo a Karaye, saboda can ne suke sa ran ciniki. Shi ya sa Bahaushen da ke zaune a Saudiyya ko Turai, duk da ƙarancinsu, nauyinsu a asusun mawaƙi ya fi adadinsu.

Manhajojin sauraro kuwa, irin su Boomplay da ta fara a Nijeriya a 2015 tana zuwa a cikin wayoyin Tecno, da Spotify da ta shigo a 2021, tsarinsu daban ne. Ba a sa wa sauraro ɗaya tsayayyen farashi. Ana tara kuɗin da aka samu a ƙasa cikin wata, na masu biyan kuɗin wata da na talla, kamfani ya ɗebi kimanin kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Lokacin da Spotify ta zo, Naira 900 take karɓa a wata a nan, alhali a Amurka kusan Dala 10 ne, ka ga asusun da za a raba tun farko ƙarami ne. Kamfanin ya ce a 2024 mawaƙan Nijeriya sun samu sama da Naira biliyan 58 ta hanyarsa, amma duk wanda ya san kasuwar ya san kaso mai tsoka na taurarin Legas ne waɗanda ake saurare a ƙasashen waje. Tun 2024 ma, a Spotify, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, ba ta da rabo sam. Kuma mawaƙi ba ya ɗora waƙa a waɗannan wurare da kansa, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, waɗanda akan biya da katin banki mai aiki a waje. Ga manyan mawaƙanmu, YouTube na kawo abin da ba za a raina ba. Ga yaron da ya fito daga Rogo ko Karaye da kundinsa na farko, ba zai mayar masa ko kuɗin situdiyo ba.

Kundi a yau ya zama kamar ɗanɗanon da mai tsire ke yanko maka a tasha, sai dai shi mawaƙi tiren gaba ɗaya yake bayarwa, cinikin kuma a wani wuri ake yin sa.

Wurin farko shi ne biki. Bayan kaka, idan masara da dawa da waken suya sun shiga buhu, kuɗi ya zauna a hannun manomi, sai aure ya ɓarke ko'ina. Amarya na son waƙa da sunanta da na angonta da na ƙawayenta. Wanda ke da hali ya nemi babban mawaƙi a Kano, wanda ba shi da shi ya nemi na kusa, kuma a nan ne ƙananan mawaƙa ke samun na tuwo: kiɗa ɗaya, a canza sunaye, a ɗan juya baiti, kafin sati ya zagayo an yi wa amare da yawa. Amma ba za a neme ka ba sai an san muryarka, kuma ba za a san ta ba sai mai turi ya zuba ta a memori. Kuɗin da bai zo ta shagon caji ba, ga shi ya zagayo ta gidan biki.

Sai wasa a bainar jama'a, musamman na Sallah, inda ake sayen tikiti a shiga, da tafiye-tafiye zuwa Maraɗi da Yamai da zangunan Ghana da Kamaru, inda sau da yawa ake karrama mawaƙin Hausa fiye da yadda ake yi masa a gida. Sai liƙi, wanda ya girmi rediyo da faifai duka. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardar Naira da tattaka ta, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar Naira 50,000, kuma a 'yan shekarun nan hukumar EFCC ta fara kai mutane kotu a kai. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 shi ma ya koya wa jama'a turawa ta waya. Yanzu sai ka ga an kafa lambar asusu a gaban fili, ko wani yaro na zagayawa da na'urar POS. Liƙin bai mutu ba, sai dai ya rage armashi, don mai liƙi so yake a gan shi, kuma saƙon banki ba ya tashi sama ya zubo. Masu begen Annabi su ma a kan wannan turba suke: kaset ɗin Rabi'u Usman Baba ko Fadar Bege shi ya riƙa kai suna, majalisi da watan Mauludi su kawo alheri.

Sai kuma ambato, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Duk wanda ya saurari waƙar Hausa har ƙarshe ya san inda kiɗa ke ci gaba da tafiya, mawaƙi ya shiga jero sunaye: Alhaji wane na Kantin Kwari, Hajiya wance uwar marayu, wane mai shagon waya, wance ta Damagaram. Baƙo zai ɗauka cikon lokaci ne. A gaskiya nan ne rasitin kundin yake. Wasu sun biya kafin a shiga situdiyo, wasu za su biya idan sun ji, wasu kuma ba kuɗi suka bayar ba, ɗawainiya suka yi: shugaban ƙungiyar masoya na wani gari, mai turin da ya tsaya wa waƙar bara, direban da ya taɓa kai su wasa bai karɓi ko kwabo ba. Shata ya yi haka, Ɗankwairo ya yi, masu aika katin zaɓe gidan rediyo ma abin da suke nema ke nan, a kira sunansu duniya ta ji. Saurayi a Gwangwan da aka ambata sau ɗaya a ƙarshen waƙa ya zama wakilin mawaƙin nan har abada, ba albashi. Zai sa waƙar a wayar duk wanda ya sani, zai yi musu a kanta a majalisa, idan aka zo wasa Karaye shi zai tara abokai su cika mota.

Wayar zamani ta ƙara wa wannan dangantaka sauri. Mawaƙa na sa lambar waya a bidiyo, suna da zaurukan WhatsApp gari-gari, suna fitowa kai tsaye a Facebook da TikTok suna gaisawa da mutane da sunayensu. Wani lokaci masoyan ne ma ke yin tallar da ba kuɗin da zai iya saye. A 2020, ana tsakiyar kullen korona, matan aure suka riƙa ɗaukar kansu suna taka rawar waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker a gaban mazajensu suna sakawa a intanet. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, malamai suka yi magana, waƙar kuwa ta shiga inda mai ita bai taɓa tsammani ba. Illar abin ita ce, tun da TikTok daƙiƙa kaɗan yake ɗauka daga waƙa, wasu sun koma gina layi ɗaya mai kama kunne su bar sauran baitocin ba kai ba gindi. Wanda ya tashi da waƙoƙin Narambaɗa yana jin wannan a ransa.

A wannan shekarar ta 2020 aka yi wani gwaji da ya kamata masu nazarin kasuwar waƙa su riƙe. Dauda Kahutu Rarara, ɗan Kahutu ta ƙaramar hukumar Ɗanja, ba nisa da Rogo, ya ce ba zai saki sabuwar waƙar Shugaba Buhari ba sai masoyan shugaban sun tura masa Naira 1,000 kowannensu. Aka yi masa ca, wasu na dariya, wasu na zagi, amma mutane sun tura. A ajiye siyasar gefe. Abin da ya fito fili shi ne talakan Arewa zai iya biyan kuɗin waƙa tun kafin ya ji ta, in dai yana jin da shi ake yi.

Masu irin kiɗan da Amurkawa ke kira Americana, wanda ya haɗa waƙoƙin karkara da na gargajiya da bulus, sun daɗe da gano wannan. Su ne 'yan uwan Ɗanmaraya na can: mutum da jitarsa, ko da banjo, wadda asalinta daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne dangin gurmi da molo, yana ba da labarin ma'aikacin ma'adinai da tsohon soja da matar da miji ya bari. John Prine, wanda ya fara da aikin raba wasiƙu a yankin Chicago, ya bar manyan kamfanoni ya kafa nasa, Oh Boy Records, a 1981. Ta gidan waya yake sayar da faifansa, kuma masoyansa sun taɓa aiko masa da kuɗin da ya isa haɗa kundi na gaba tun bai shiga situdiyo ba. Kundinsa na 2018 ya kai mataki na biyar a jadawalin Billboard, mafi girma a rayuwarsa, shekara biyu kafin korona ta yi ajalinsa. Jason Isbell ma a kamfaninsa na kansa yake fitar da aiki tun 2013, kuma kundinsa na 2025 shi kaɗai ne da jita, ba wani makaɗi. Irin waɗannan mawaƙa ba da kuɗin Spotify suke rayuwa ba. Yawo suke gari-gari, bayan wasa su tsaya a teburi suna sayar da faifai da riguna, suna sa hannu, suna tambayar mutum ya gida. Bambancin kawai, su masoyinsu na sayen faifan roba ya ajiye don ƙauna ko da yana da waƙar a waya, namu kuwa ya fi son ya miƙa kuɗin hannu da hannu a ji sunansa.

A 2008 wani marubuci Ba'amurke, Kevin Kelly, ya kawo lissafin da ya yi suna: mai fasaha ba ya buƙatar miliyoyin mutane, masoya 1,000 na gaske waɗanda kowannensu zai kashe Dala 100 a kansa a shekara sun ishe shi. A juya shi zuwa namu aljihun. Mutum 1,000, kowa Naira 5,000 a shekara, ko ta tikiti, ko ta liƙi, ko ta gudummawar kundi, Naira miliyan 5 ke nan. Ba arziki ba ne, amma ya isa a yi kundi a riƙe gida. Wahalar ita ce tara dubun, don mai danna alamar so a Facebook daban, mai zaro dubu biyar daban.

Me ya sa za a damu da ko mutum dubu ne suka biya ko mutum ɗaya, tun da kuɗi kuɗi ne? Saboda wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗi mafi tsoka a waƙar Hausa na siyasa ne: waƙa ɗaya a kakar zaɓe kan kawo mota ko gida, abin da kundi goma na soyayya ba za su kawo ba. Ban ga laifin mai neman halalinsa ba, kuma yabon masu mulki tsohuwar sana'a ce mai daraja da ƙa'idojinta. Amma mawaƙin da ubangida ɗaya ke riƙe da shi, bakinsa ba nasa ba ne, kuma ranar da ubangidan ya faɗi ko suka ɓata, rabin masoyansa sun tafi tare da jam'iyya. Wanda jama'a ke riƙe da shi kuwa yana iya faɗin abin da ba a so. Ba wai hakan ba shi da tsada ba: a 2009 an kama Aminu Ala a Kano a kan waƙa, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ke takun-saƙa da masu fasaha. Sai dai ya fito sunansa ya ƙaru, don mutanen da ke sauraronsa ba wani ne ya ba shi aronsu ba.

Su ma masoyan suna da nasu takunkumin, kada a yi musu kwalliya. Wanda suka sani da waƙar soyayya, idan ya gwada wani salo sai su ce ya lalace. Ƙungiyoyin masoya kan mai da ƙaramin saɓani tsakanin mawaƙa biyu yaƙin zage-zage na wata guda. Kuma mutum dubu da kowannensu ke da lambarka, kowa na jin yana da haƙƙin a ɗaga wayarsa, a zo sunan ɗansa, a taimaka masa da kuɗin asibiti. Kuɗin da ya shigo ta hannun jama'a, wani kasonsa ta nan yake komawa.

Akwai abu ɗaya da mawaƙanmu ke sakaci da shi, kuma shi ne abin da Prine ya kafa kamfani dominsa: mallaka. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba mai waƙa kariya tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na da kariya har ƙarshen 2069, na Ɗanmaraya har 2085. Amma a leƙa YouTube a ga tashoshi nawa ke ɗauke da su, ana sa talla a kai, a tambayi nawa ne ke da izinin magada. Na raye ma ba su tsira ba. YouTube na da na'urar da ke gane sauti ta danganta shi ga wanda ya yi masa rajista, don haka idan wani ya riga mawaƙi kai waƙarsa wajen kamfanin rarrabawa, kuɗin tallar can za su nufa, har ma a iya tuhumar mai waƙar da satar abinsa a tasharsa. Kafin a warware, zafin waƙar ya wuce.

Rigimar kan fara ne tun daga situdiyo, inda komai da baki ake yi. Mawaƙi na ganin ya biya kuɗin kiɗa, kiɗa ya zama nasa. Mai kiɗa na ganin ladan zama aka ba shi, shi ya ƙirƙiri sautin, kuma ainihin fayil ɗin yana cikin kwamfutarsa, yana iya ɗora wa wani gobe. Mai amshi da muryarta ta ɗauki rabin waƙar an sallame ta tun ranar, ko sunanta ba a rubuta ba. Muddin waƙa ba ta yi tashe ba, ba mai tayar da maganar. Ranar da ta yi, kowa zai tuno abin da aka ce daban. Yaron da ya sayar da buhun masara biyu ya hau mota daga Rogo zuwa Kano don ya yi waƙarsa ta farko, kafin ya baro situdiyo yana buƙatar abu uku a hannunsa: takarda mai sa hannun mai kiɗa da shaidu da ta faɗi wa ke da me, kwafin ainihin aikin a nasa memorin, da tashar da aka buɗe da lambar wayarsa shi kansa, ba ta wani yayan unguwa da ya fi shi sanin intanet ba.